Neman kalma: jam'iyyar da ba ta tsaya a ƙasa ɗaya ba

Assalamu alaikum, malamai da masana harshe. Ina koyar da darasin gwamnati a wani ƙauye kusa da Maigatari, kuma makon jiya wata ɗaliba ta tambaye ni Hausar "transnational party", wato jam'iyyar da ke aiki a ƙasashe da dama, irin EPP (Jam'iyyar Al'ummar Turai), wadda aka kafa a 1976. Na rubuta "jam'iyyar ƙasa da ƙasa" a allo, amma tun ban ajiye alli ba na ji kalmar ba ta zauna ba, domin a kunnen Bahaushe ƙasa da ƙasa hulɗar gwamnatoci ce.

"Jam'iyyar ƙetare" ta fi ɓata ma'ana, saboda tana nuna baƙuwa. RDA, jam'iyyar ƙasashen Afirka rainon Faransa da aka kafa a Bamako a 1946, ba baƙuwa ba ce a Nijar, tunda jam'iyyar PPN ta Hamani Diori, shugaban Nijar na farko, reshenta ce. Wani abokin aikina ya ce "uwar jam'iyyu", kuma yana da hujja, domin EPP jam'iyyun ƙasashe ta tattara, irin su CDU ta Jamus. Sai dai "uwar jam'iyya" ta riga ta kama gurbinta a siyasarmu, tana nufin shugabancin jam'iyya na ƙasa.

Shawarata ita ce "jam'iyya mai ratsa iyaka". Duk wanda ya tsaya bakin burtali ranar Alhamis ya ga shanu suna shigowa kasuwar Maigatari daga Nijar, ya san mene ne ratsawa: hanya ɗaya ce, kowane ɓangare da rabonsa a cikinta.

Batun kuɗi ma yana buƙatar kalma. Yarjejeniyar Mastirik ta 1992, wadda ta kafa Tarayyar Turai, ita ce ta fara amincewa da irin waɗannan jam'iyyu a Turai, aka yi dokar ba su kuɗi a 2003, suka fara karɓa a 2004 daga kasafin Majalisar Turai. Tun 2018 ana raba kashi 10 cikin ɗari daidai wa daida, sauran 90 kuma bisa yawan kujerun kowace jam'iyya a majalisar. Idan na ce "kuɗin gwamnati", ɗalibaina kyautar mai mulki suke ji, alhali wannan haƙƙi ne da doka ta ƙayyade, har 'yan adawa suna da rabo. Saboda haka na fi son "tallafin baitulmali", ko da yake "tallafi" ma tana ɗan ɗauke da ƙamshin alfarma. Wanda yake da wadda ta fi ta, don Allah ya kawo kafin darasin Litinin.