Ma'aikaci ya rasu yana kan aiki: ana ba ɗansa gurbinsa kuwa?

Ummu_Khalil:
Assalamu alaikum. Masu sanin harkar aikin gwamnati, don Allah ku haska mana. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne Allah Ya yi wa rasuwa kafin ya kai ritaya, ya bar mata da yara, babban ya gama digiri har da bautar ƙasa. Ana ta ce wa matar ta rubuta takarda za a ba yaron gurbin mahaifinsa. Doka ce ta tanadi haka ko alfarma ce? Kuma ta ina za su fara?

Tsohon_Akawu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari.

Alfarma ce. A tarayya babu dokar da ta ce ɗa ya gaji kujerar uba. Mai digiri a matakin albashi na 08 yake shiga, kuma a ma'aikatu, daga mataki na 07 zuwa sama Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ce ke ɗauka, ba daraktan da mamacin ya yi aiki a ƙarƙashinsa ba. Su rubuta takardar dai, ba laifi: zuwa ga babban sakatare ko shugaban hukumar, da lambar fayil ɗin mamaci, shaidar rasuwa da takardun yaron, a buga musu hatimin karɓa a kwafinsu. Amma duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sama wa yaron gurbi, su guje shi. Marayu aka fi cuta da wannan.

Maman_Fansho:
Hajiya, ki gaya musu kada jiran gurbi ya ɗauke musu hankali daga haƙƙin da doka ta riga ta ba su. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai, mafi ƙaranci ninki 3 na jimillar albashinsa na shekara. Idan ma ba a biya kuɗin inshorar ba, nauyin yana kan ma'aikatar. Wannan ta ofishin mamaci ake binsa, don haka a sanar da su a rubuce tun da wuri.

Na biyu, kuɗin asusun fanshonsa, wato kashi 8 cikin 100 da ake cira masa da kashi 10 da gwamnati ke zubawa, tare da ribarsu. Idan ya fara aiki kafin tsarin fansho na 2004, akwai kuma haƙƙinsa na shekarun baya. Kamfanin fanshonsa zai nemi shaidar rasuwa daga asibiti ko Hukumar Ƙidaya, rahoton 'yan sanda idan hatsari ne, takardar ɗaukarsa aiki, takardar albashi ta ƙarshe, hotuna, sai uwa uba takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Nan ake yawan maƙalewa. Sunan da ya rubuta a matsayin makusanci bai isa a miƙa masa kuɗin ba, kuma dole asusun fansho ya fito ƙarara cikin kadarorin da aka lissafa a takardar kotun, in ba haka ba a sake komawa kotu. A duba sunaye ma: Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya kwantar da fayil wata da watanni.

Idan albashi ya ci gaba da shigowa bayan rasuwar, kada a taɓa shi, za a nemi a mayar. Su kuma tambayi ajiyar asusun gidaje, kashi 2.5 cikin 100 ɗin nan da ake cira daga albashi, a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Sojoji ba sa cikin wannan tsarin fanshon, haka jihohi irin su Kano da Jigawa nasu daban ne.

Abu_Hanifa77:
Ƙari a kan maganar Malam Akawu. Inda abin ya zama rubutacciyar ƙa'ida shi ne Indiya. Can ma gwamnatin tsakiya ta ƙayyade shi ga kashi 5 cikin 100 na guraben ɗauka kai tsaye a ƙananan muƙamai. Ana duba mata ko miji, ɗa ko 'ya, ko ɗan'uwa idan mamacin bai yi aure ba, bayan an auna halin gidan: abin da aka biya su, kadara, bashi, yawan masu ci. Wanda aka ɗauka sai ya sa hannu zai riƙe sauran iyalin, in ya yi watsi da su ana iya sallamarsa. Wannan sharaɗin ya burge ni ƙwarai. Kuma tun 1994 Kotun Ƙolinsu ta ce ba gado ba ne, agajin gaggawa ne, ba a zuwa nemansa bayan shekaru sun ja. Pakistan kuwa a 2024 Kotun Ƙolinta ta soke irin wannan kason, ta ce ya saɓa wa daidaito tsakanin 'yan ƙasa.

Ummu_Khalil:
Allah Ya saka da alheri. Takardar kotun a ina ake karɓa?

Maman_Fansho:
A sashen kula da dukiyar mamata na babbar kotun jiha. Kafin su biya ko sisi, su je ofishin kamfanin fanshon su karɓi jerin abubuwan da ake buƙata a rubuce, su tambaya ko zai karɓi umarnin kotun shari'a. Iyalin kuma su zauna su amince da waɗanda za a sa sunansu, domin idan wani magaji ya shigar da ƙorafi, komai tsayawa yake sai an sasanta.