Ranar da kuka fara girka rumbun bayanai a kan sabar, me ya cije ku?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani kamfanin casar shinkafa a nan kusa da Birnin Kebbi ya ba ni aikin kwashe lissafinsa daga Excel zuwa rumbun bayanai na gaske. An sayo sabar, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe rumbun, tokumbo ce mai RAM gig 16, kwamfutoci tara za su riƙa shiga. Ni dai a laftof ɗina kawai na taɓa girka irin wannan manhaja. Na ƙoshi da bayanin littafi. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa mini inda ya yi tuntuɓe, don kada in faɗa rami ɗaya da shi.

Bagusaye:
Wa alaikumus salam. Nawa tuntuɓen tun kafin a fara girkawa ne. A Satumbar 2021, lokacin da anka rufe layukan sadarwa a Zamfara, ina tsakiyar ɗora manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 12 bisa sabar mai aiki da Ubuntu 20.04 a wani shagon magani na sari. Mun saba ka buga umarni guda, manhaja ta sauko da duk 'yan rakiyarta. Ranar babu intanet ko na aika gaisuwa. Sai da na shiga mota har Zariya, na sauko da fayil ɗin a filasha, na komo ina jin kaina. Ina dannawa ya ce sai da 'yan rakiyarsa, libpq5 da postgresql-common. Wallahi zama na yi bisa buhun kwali ina kallon silin. Tafiya ta biyu munka yi da wani abokina da ya nuna mini yadda ake sauko da kunshin gaba ɗaya.

Da ta girku kuma, sabar na ganin rumbun, kwamfutocin teburin sayarwa ba su gani. Kwana guda ina zargin waya, har na canza kan kebul biyu. Ashe PostgreSQL na zuwa ne da saitin listen_addresses a kan localhost, wato kanta kaɗai take saurare. Ka gyara wannan a fayil ɗin postgresql.conf, ka ƙara layin ofishinku a pg_hba.conf, fayil ɗin da ke faɗin wa zai shigo, ka buɗe ƙofa ta 5432 a katangar tsaro. Uku ne, in ka manta ɗaya kamar ba ka yi komi ba. Kuma kada gajiya ta sa ka rubuta trust a wannan fayil, ma'anarsa kowa ya shigo ba kalmar sirri.

Malama daga Zuru:
Ƙanena, tambaya ɗaya: sunayen manoma da garuruwansu za ku shigar? In haka ne, zauna ka ji.

Na haɗa wa wata makaranta rumbun sunayen ɗalibai a SQL Server, manhajar rumbu ta Microsoft. Wajen girkawa na yi ta danna Next kamar mai jan carbi, gurbin suna kuma na ba shi nau'in rubutu na varchar don shi na gani a darasin da na koya. Zango guda cur ana shigar da bayanai, babu wanda ya ce uffan. Ranar da aka buga sakamako, shugaban makaranta ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda bai ce komai ba. Duk ɗalibin da ya fito daga Ɗanko, an rubuta masa ?anko. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, alamar tambaya ce zaune a wurin.

Abin da ya fi ciwo shi ne ba a allo matsalar take ba. Tun lokacin adanawa harafin ya mutu, rumbun bai ajiye komai ba sai alamar tambayar, don haka babu umarnin da zai dawo da shi. Da hannu muka bi ɗaya bayan ɗaya, ni da magatakarda biyu, muna duba rajistar takarda. Maganin shi ne ka ba gurbin nvarchar, nau'in da ke ɗaukar haruffanmu, kuma ka sa N kafin rubutun da kake turawa, in ba haka ba ko gurbin daidai ne harafin zai lalace a hanya. Daga SQL Server 2019 ana iya zaɓar tsarin haruffa na UTF-8 ma, shi ma yana ɗaukar su. Masu MySQL su duba nasu: kafin fitowar 8.0 a 2018, latin1 yake zuwa da shi, tsarin da ba shi da waɗannan haruffa.

Kuma ka zauna da masu shigar da bayanan ku yi yarjejeniya. Wani zai rubuta Danko, wani 'Danko, wani Ɗanko, rumbu kuwa garuruwa uku yake gani.

Ɗan Jega:
Kai! Hajiya Allah Ya saka da alheri. Rabin masu kawo mana shanshera sunayen ƙauyukansu da ƙugiya suke.

Tsohon Injiniya, Argungu:
Yara kuna ta maganar saiti, ba wanda ya tambayi ina za a ajiye injin. Ɗan Jega, je ka dubo ɗakin. A kamfanin casa, ƙaiƙayi da ƙura su ne abokan gabarka na farko, sannan zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a ƙasar nan. Na taɓa buɗe wata sabar da aka ajiye a sito, fankarta ta yi gashi kamar tunkiya.

Sai wuta. Rumbun bayanai yana fara rubuta abin da zai yi a kundinsa na wucin gadi kafin ya taɓa ainihin bayanan, shi ya sa in an ɗauke wuta yakan farfaɗo da kansa. Wani yaro da na koya wa aiki ya karanta cewa kashe fsync, saitin da ke tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, na ƙara sauri, ya kashe bai faɗa mini ba. Saurin ya ƙaru kuwa. Sati uku bayan nan aka juya daga wutar gari zuwa janareta, batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya riga ya mutu ba wanda ya lura, rumbun ya ƙi tashi. Na ce a kawo kwafin ajiya. Akwai shi, kullum ana yi, amma a faifai ɗaya da rumbun, kuma ba a taɓa gwada mayar da shi ba ko sau ɗaya. Allah Ya rufa asiri na daren jiya ya buɗe, aikin yini guda kawai muka rasa. Yaron yanzu ya fi ni iyawa, shi ya sa ba zan faɗi garinsu ba.

In SQL Server Express kake tunani don kyauta ce, ka sani a fitowar 2019 da 2022 kowane rumbu gig 10 ne iyakarsa, RAM ɗinka 16 kuma kaɗan za ta taɓa a ciki, sannan ba ta da Agent, mai gudanar da ayyuka kan lokaci, sai ka tsara kwafin ajiya da Task Scheduler da kanka.

Na Mafara:
Nawa gajere ne. Rumbun Oracle munka girka, komi lafiya lau wata shida. Wata safiya ta Litinin manhajar ofis ta ƙi shiga, tana nuna lambar kuskure ORA-28001. Oga ya ce an yi muna kutse. Ba kutse ba ne, kalmar sirri ce ta ƙare, don Oracle na zuwa da wa'adin kwana 180. Ni kuma ina Sakkwato wurin biki.

Malama daga Zuru:
Na Mafara ka tuna mini da agogo. Sabar da yawa a kan agogon duniya na UTC suke zuwa, awa ɗaya bayan namu. In kamfanin na aikin dare, buhun da aka auna ƙarfe sha biyu da rabi zai faɗa lissafin jiya. Sa shi a Africa/Lagos tun kafin a shigar da layi na farko.

Ɗan Jega:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. PostgreSQL zan ɗora, da UTF8, shared_buffers, wato kason RAM da rumbun ke riƙewa, in ɗaga shi daga meg 128 zuwa gig 4 tunda rubu'in RAM ake ba da shawara. Baba Injiniya, na je na dubo ɗakin kamar yadda ka ce. Jikin injin casa yake, bango ɗaya ya raba su, taga ba gilashi, kuma a soket ɗin da aka ware wa sabar mai gadi ke dafa shayi. Gobe zan shiga wurin Alhaji mai kamfanin da maganar canza ɗaki. Wa ya san kuɗin UPS mai ɗaukar minti talatin a kasuwa yanzu?