ESP32 ɗina yana yanke Wi-Fi a gona, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar lantarki. Na haɗa ESP32 (ƙaramin allon lantarki mai Wi-Fi) da na'urar auna damshin ƙasa da DHT22 (na'urar auna zafi da damshin iska) domin gonar tumatir ɗin kawuna a fadamar Galma, yana tura bayanai zuwa intanet duk bayan minti 10 ta wata ƙaramar MiFi (na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi).

A ɗaki a Samaru, idan kwamfuta ce ke ba shi wuta ta USB, lafiya lau yake aiki. A gona kuwa, kan batirin 18650 da ƙaramin faifan sola, sai ya kama Wi-Fi, ya tura sau ɗaya ko biyu, ya mutu ya sake tashi. Da na jona shi na duba, saƙon da yake bayarwa shi ne "Brownout detector was triggered", wato ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da abin da yake buƙata.

MiFi ɗin tana kan 2.4GHz, wanda shi kaɗai wannan allon ke gani. Na'urar damshin tana kan ƙafar GPIO34, wato ADC1, ɗaya daga cikin sassa biyu na allon da ke karanta ƙarfin wuta, tunda ɗayan, ADC2, ba ya karantawa muddin Wi-Fi na kunne. Na kuma sa kafasita 470µF (mai ɗan tara wuta) kusa da ƙafar 3.3V. Abin ya ragu, bai daina ba.

Zargina ya fi karkata ga AMS1117 da ke kan allon, wato regiletan da ke rage wuta zuwa 3.3V, domin yana buƙatar kusan volt 1 sama da 3.3V, batirin kuwa ko ya cika 4.2V ne. In canza regileta ne, ko in ɗaga wutar zuwa 5V? Wanne ya fi barin batiri ya kwana? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka, ban ruwan rani ya kankama.