Burodina yana lotsawa da zarar ya shiga obin

Assalamu alaikum. Sau huɗu ke nan ina gwada burodin gwangwani, duk sakamako ɗaya.

Ma'aunina: fulawa giram 500, busasshen yis giram 7, gishiri giram 9, sukari cokali 2, mai cokali 2, ruwan ɗumi mililita 320. Nakan murza ƙullin minti 10 har ya yi santsi, in rufe awa ɗaya ya ninka. Sai in buge iskar, in naɗe, in sa a gwangwani. A nan ne nake barinsa kusan awa ɗaya da rabi, har ya hau baki yana rawa kamar balan-balan.

Minti biyar a obin mai digiri 200, sai tsakiyar ta zube. In an yanka, manyan ramuka a sama, ƙasa a cunkushe, ga ɗan tsami-tsami.

Na sauya yis, na rage ruwa zuwa 300, na daina buɗe obin. Shiru.

Zargina yana kan tashi na biyu, wato kumburin da ƙullin yake yi a cikin gwangwani, ganin ɗakin girkin da zafi. Wace alama zan duba a jikin ƙullin in san lokacin gashi ya yi, ba tare da na dogara da agogo ba?