Waɗanda suka kalli Puyol da idonsu, ku zo mu tuna

Tsohon Culé: Salam 'yan uwa. Duk sanda aka zura mana ƙwallo ta kwana ko ta sakacin 'yan baya sai ka ji wani ya ce da Puyol, tsohon ɗan baya kuma kyaftin ɗin Barcelona, na nan da hakan ba ta faru ba, to amma yaran da suka fara bin Barca bayan 2014 ba su san me muke nufi ba, guntun bidiyo kawai suke gani a YouTube, su ga mutum mai gashi buya-buya yana faɗuwa yana tashi shi ke nan. Don Allah duk wanda ya kalle shi a lokacinsa ya faɗi wasan da ya fi tsaya masa a rai. Ni nawa na Oktoba 2000 ne, ranar da Figo, tsohon ɗan wasanmu, ya fara dawowa filinmu na Camp Nou da rigar Madrid. Puyol lokacin yaro ne, shekara ɗaya kenan da Van Gaal ya fara saka shi a babbar ƙungiya, sai koci Serra Ferrer ya ce ga Figo nan, kai da shi. Wallahi duk inda Figo ya juya yana nan, ko ya koma tsakiya neman ƙwallo yana biye da shi, har aka tashi 2-0, Luis Enrique da Simao suka ci. Wanda ya lashe Ballon d'Or a shekarar fa, amma ranar bai yi komai ba. Ba wasan da aka jefa wa Figo kan alade ba ne, wancan na 2002 ne, mutane suna yawan haɗa su.

Mai Lamba 5: Baba ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni ban kama na Figo ba amma na kama na Lokomotiv Moscow a 2002, gasar zakarun Turai. James Obiorah ya samu ƙwallo ya yanke gola Bonano, raga ta zama wayam, mu duk mun riga mun sallama an ci, sai ga Puyol ya koma gaban raga da gudu ya tsaya ya buɗe ƙirji, ya sa hannayensa can gefe don kar a ce ya taɓa, ƙwallon ta dake shi a ƙirji ta fita. 1-0 muka ci wasan. Daga ranar na ce ni ma baya zan dinga bugawa, kuma har yau a ƙungiyarmu ta motsa jiki lamba 5 nake sawa. Abin da na ɗauka a wajensa shi ne ɗan baya ba ya tsayawa kallo in an wuce gola, ka koma layi ko da kana ganin ba amfani.

Blaugrana 99: Abin da nake so ƙannenmu su gane, mutumin nan ya sha wahala da ƙungiyar nan kafin daɗi ya zo. Daga 1999 da ya fara har 2005 ko kofi ɗaya bai ɗaga da Barca ba, koci ya zo koci ya tafi, a kakar 2002/03 na shida muka ƙare a La Liga, mu masu goyon baya sai dai mu sunkuyar da kai in 'yan Madrid suna maganar Zidane da Ronaldo da Raul. A shekarun nan in ka kunna wasa akwai mutum ɗaya da ka tabbata ba zai ba ka kunya ba ko da an ci mu. Shi ya sa da Luis Enrique ya yi ritaya a 2004 aka ba shi kambun kyaftin ban ji wanda ya yi musu ba, kuma a kakarsa ta farko da kambun muka ɗauki La Liga a gidan Levante, sannan 2006 ga kofin Turai a Paris a kan Arsenal. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

Ɗan Tiki-taka: Yaya duk na yarda, amma mu faɗi gaskiya ko da muna sonsa. Ni daga zamanin Rijkaard na fara kallo sosai kuma in ana maganar fito da ƙwallo daga baya, Marquez ya fi shi, Pique ma ya fi shi nesa ba kusa ba. Puyol in ya karɓa gajeren fas yake bai wa na kusa da shi, ba ka taɓa jiran ya raba 'yan tsakiya da ƙwallo ɗaya. Kuma ba dogo ba ne sosai a matsayin ɗan baya na tsakiya. Ina ganin da ba a haɗa shi da irin su Marquez ba da an fi ganin gazawarsa.

Tsohon Culé: Ƙanena maganarka tana kan hanya, ba wanda ya ce shi Koeman ne, tsohon ɗan bayanmu, wajen fas. Amma juya ta ɗaya gefen, Pique ɗin da kake yabo wa ya dinga tashinsa daga barci? Ku lura da kyau in kuna sake kallon tsoffin wasanni, ana 4-0 saura minti biyar, kyamara ta hasko Puyol yana daka wa Pique tsawa yana nuna masa inda zai tsaya. Barca ta Guardiola layin bayanta kusan a tsakiyar fili yake, fili fetal a bayansu, mutum ɗaya ya makara da taku ɗaya satar gida ta lalace an tafi da gola. Wanda yake riƙe layin nan da baki shi ne Puyol, kuma wannan aikin ba ya fitowa a guntun bidiyo. Tsawon da ka ce kuwa, tambayi Jamus.

'Yar Camp Nou: Hhh Baba ka riga ni. Wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya 2010 a Durban, Sifaniya da Jamus, Xavi ya bugo kwana, Puyol ya taho da gudu daga baya ya tashi sama har ya fi Pique da ke gabansa, ya sa kai, 1-0 Sifaniya ta tafi wasan ƙarshe. Amma tunda maganar kulob muke ni nawa 2-6 ne a Bernabeu, 2 ga Mayu 2009. Higuain na Madrid ya fara ci, gabana ya faɗi, Henry ya farke, sai firikik daga gefe Xavi ya ɗago wa Puyol ya sa kai 1-2, ya cire kambun hannunsa mai launin tutar Kataloniya yana sumbata a gaban 'yan Madrid. Mahaifina ne ya koya min son Barca, tare muka kalla, mutum ne da ba ya ihu a ƙwallo amma ranar sai da ya miƙe tsaye. Kuma ƙarshen watan nan a wasan ƙarshe na kofin Turai a Roma da Man United, Alves da Abidal an dakatar da su, Marquez na jinya, aka mayar da Yaya Toure tsakiya, Puyol kuma ya koma dama inda ya fara a babbar ƙungiya, Ronaldo ya yi ta faɗo masa har ya ƙare da karɓar katin gargaɗi a kansa.

Mai Lamba 5: Anti kin tuna min da 5-0 da muka ci Madrid a Nuwamba 2010, sanda Ramos ya shari Messi a ƙarshen wasa, Puyol ya zo sai Ramos ya ture shi a fuska har ƙasa. Ni da nake kallo jinina tafasa yake, shi kuwa bai tashi ya rama ba, jan kati ya yi aikinsa.

Blaugrana 99: Wannan halin nasa ne ma ya sa abokaina 'yan Madrid ba sa iya zaginsa. A Bernabeu a 2013, Copa del Rey, wani ya jefo layita daga cikin 'yan kallo, Pique ya ɗauka zai kai wa rafali, Puyol ya fizge ya wurgar waje ya ce masa ya koma wasa. A gidan Rayo Vallecano a 2012 da muka ci 7-0, Thiago da Alves suka fara rawa bayan ƙwallo, ya taho ya raba su don kar a wulaƙanta masu gida. A Gamper, kofin sada zumunta da Barca ke shiryawa kafin kaka, na 2010 da Ronaldinho ya zo da AC Milan, shi ya jawo shi cikin hoton 'yan Barca, aka gama kuma ya miƙa masa kofin. Babbar kuwa Wembley 2011, wasan ƙarshe na kofin Turai da Man United. Abidal an yi masa aikin hanta a watan Maris, ya dawo ya buga wasan ƙarshe gaba ɗaya, Puyol da gwiwa ta hana shi farawa sai daf da tashi ya shigo, Xavi ya ba shi kambu, shi kuma da aka zo hawa karɓar kofi ya ɗaura wa Abidal ya ce shi zai ɗaga. Kyaftin nawa ne za su bar wannan damar? A ɗakin da muke kallo har da 'yan United da aka ci 3-1, su ma sai da suka tafa.

Ɗan Tiki-taka: Nan kam ba ni da ta cewa Yaya. Ni abin da ya fi min ciwo shekarunsa na ƙarshe ne, ina kallo kai tsaye a Oktoba 2012 a gidan Benfica ya tashi neman kwana ya faɗo a kan hannu, gwiwar hannun ta goce, ban iya kallon maimaicin ba, kuma dawowarsa kenan daga wani raunin. Daga nan sai gwiwar ƙafa ta ƙi, aiki bayan aiki, har Maris 2014 ya fito ya ce a ƙarshen kaka zai tsaya duk da kwantiraginsa bai ƙare ba. Wasa 593, La Liga 6, kofin Turai 3, kuma bai taɓa sa rigar wani kulob a matsayin ƙwararre ba. Mascherano ya yi iya ƙoƙarinsa a wurin amma shi asali ɗan tsakiya ne aka mayar baya.

Sabon Culé: Na gode iyayena da yayyena, ni a 2015 na fara kallo, lokacin Messi da Suarez da Neymar, duk wannan sai dai labari. Baba Tsohon Culé, in cikakken wasa ɗaya zan nema na kalla daga farko har ƙarshe, wanne za ka ce?

Tsohon Culé: Ɗana nemi wasan ƙarshe na 2006 da Arsenal. Kar ka bi ƙwallo da ido, shi da Marquez za ka kalla, yadda suke karɓa-karɓa a kan Henry musamman bayan Campbell ya ci mu kuma muka tura kowa gaba, su biyu kawai a baya da fili mai yawa. In ka gama ka dawo nan ka faɗa mana sau nawa ka ga bakinsa a rufe.