Littattafan hoto na yaran Latino: abin da masu hira suka ce

A wata hira da aka yi kan waɗanne littattafan hoto na yaran Latino (wato 'yan asalin Latin Amurka) za a zaɓa wa yara, yawancin masu tattaunawar sun ce a fara duba lambar yabo ta Pura Belpré, wadda aka kafa a Amurka a 1996 don tunawa da wata 'yar Puerto Rico mai wannan suna, wadda ta yi aikin laburare a New York. Ana ba marubuci tasa, mai zane tasa. Ga yaro ɗan shekara huɗu kuwa, ta zanen ce abin dubawa, tunda hoto yake karantawa.

An fi jan hira a kan "Dreamers" na Yuyi Morales, wanda ya ci lambar zane a 2019. Labarinta ne da jaririnta, sun baro Meksiko, laburare ya zame musu gida. Ni dai na fi son "Alma and How She Got Her Name" na Juana Martinez-Neal. Yarinya ce ke ƙorafin sunanta ya cika tsawo, mahaifinta ya zaunar da ita yana faɗa mata takwarorinta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ake kira Ummi ta san wannan.

Wata malama ta ce kada kalmomin Sifaniyanci da ke cikin littattafan su hana iyaye karantawa, hoton zai fassara.