Neman shawara: shayin Ingila ya ƙi yi mini daɗi, kuma wata tsohuwa ta ƙi shan wanda nake haɗa mata

Maman Nana, Luton

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da zuwana Ingila, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Abin da na kawo muku zai yi kama da ƙarami, amma ya tsaya mini a rai.

Ni 'yar Zariya ce. A gidanmu ba a karya kumallo sai da shayi, Inna takan dafa shi a tukunya da citta da kanumfari har ƙamshi ya cika tsakar gida. Da na zo ƙasar da ta yi suna wajen shan shayi, na ɗauka zan sha wanda ya fi na gida. Na shiga babban kanti na nemi Lipton mai rawayan kwali da na saba, ban gani ba, sai na ɗauki wani ƙaton kwali mai arha, ƙunshi 240 a ciki. Shayin lami ne. Idan ya ɗan huce sai wata yana mai sheƙi ta kwanta a kai kamar an ɗiga mai, cikin kofi kuma ya yi baƙi. Na farke ƙunshi ɗaya, ban ga ganye ba, gari ne kawai.

Na biyun ya fi damuna. Akwai wata tsohuwa a wurin aikinmu, ta haura shekara 90. Kowa ya haɗa mata shayi tana sha. Ni in na kai mata sai ta dube shi, ta yi godiya, ta ture gefe. Ga shi ana rubuta yawan abin da kowannensu ya sha a rana don kada jikinsu ya bushe. Abokan aikina kuma da farko kowane lokaci sai an tambaye ni ko zan sha shayi, ina cewa a'a, yanzu na lura sun daina tambaya.

Shin shayin ƙunshin nan ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba? Wanne zan saya? Kuma me nake yi wa baiwar Allahn nan ba daidai ba?

Baban Yusra, Landan

Wa alaikumus salam. Maman Nana, idonki ya gane miki gaskiya. Abin da ke cikin ƙunshin nan ragowa ne, ganyen kirki an sayar wa masu kuɗi. Ki je shagunan 'yan Pakistan da Indiya ki sayi ganyen shayi na awo, irin su Tapal Danedar ko Wagh Bakri, ki dafa abinki a tukunya yadda Inna take yi. Ni a Whitechapel nake saye, ku kuwa a Luton unguwar Bury Park cike take da irin waɗannan shaguna. Shekara shida rabona da ƙunshi.

Malam Habu, Reading

Yaya Baban Yusra, shawararka ta shago mai kyau ce, amma maganar ragowa ina da ja. A Mambila na tashi, kusa da Kakara inda ake noman shayin Highland, na ga yadda ake tsinkar ganye biyu da toho tun ina yaro, shi ya sa ba na jin daɗi in ji an kira wannan wahala shara.

Garin da kika gani da gangan aka yi shi haka. Akwai hanya biyu ta sarrafa baƙin shayi. Ta dā ita ce a murza ganyen ya naɗe, ya fito dogo-dogo. Ta biyu injin ne mai haƙora da yake murƙushe ganyen, ya yayyaga shi, ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana. Ana kiranta CTC, wani mai suna William McKercher ya ƙirƙiro ta a Asam ta Indiya wajen 1930. Bayan an busar sai a tankaɗe, a ware manya da matsakaita da mafi laushi, kowanne da farashinsa. Mafi laushin shi ake zubawa a ƙunshi domin yana sakin launi da ƙarfi da sauri. Tapal ɗin da ka ambata ma ta wannan hanyar aka yi shi, ƙwayarsa ce kawai ta fi girma.

Yawancin shayin da Birtaniya ke sha daga Kenya yake zuwa, daga tuddan Kericho da makamantansu, ana cinikinsa a kasuwar gwanjon Mombasa, sai a gauraya da na Asam da na wasu ƙasashen Afirka kamar Malawi da Ruwanda. Kamfani yana gauraya na gonaki da yawa ne don ɗanɗanon ya zama ɗaya duk shekara. A nan ne inganci ke bambanta: mai arha ƙwarai yana cika cikinsa da ganye mai rauni, mai ɗan tsada yana sa na kirki da yawa. Dukansu an haɗa su ne don a sha da madara. In kika sha su ruwan bunu za ki ji bauri kawai.

Abu ɗaya da nake ganin ya cuce ki shi ne girman kwalin. Garin shayi yana saurin rasa ƙamshi da zarar iska ta shige shi, ƙunshi 240 kuwa ga mutum ɗaya wata da watanni ne. Ki sayi mai 80, ki juye a gwangwani mai murfi, nesa da kayan yaji. Ki gwada Yorkshire Gold ko Twinings na Asam. Kuma ki sani ƙunshin nan ƙasar ya kai giram 3, na Lipton da muka saba giram 2 ne, saboda an auna shi da babban kofin da suke sha.

Anti Bilki, Glasgow

Ƙanwata, kafin ki zubar da kwalin ki leƙa cikin butar lantarkinki. In kin ga farin abu ya daskare a ƙasa kamar siminti, to ruwan ne. Luton a kan dutsen alli take zaune, daga ƙarƙashinsa ake jawo ruwan famfo, haka Landan da yawancin kudu maso gabashin Ingila ruwansu mai nauyi ne. Kin san ruwan rijiya mai zartsi da sabulu ba ya kumfa a ciki? Ɗan uwansa ne. Allin da ke cikin ruwan shi ke haɗuwa da sinadarin shayi ya yi wannan yanar, ya kuma danne ƙamshi. Ba ya cutarwa, ɗanɗano kawai yake ɓatawa.

Na shekara uku a Landan ina fama da haka. Ranar da na dawo Glasgow, da ragowar kwalin da na taho da shi na haɗa, sai ga shayi ja wur, garau, babu yana. Ruwan nan daga tafkin Loch Katrine yake zuwa, ba shi da alli.

Ki sayi jug mai matatar ruwa irin na Brita. Ki wanke butar da farin binega ko ruwan lemon tsami, ki tafasa ki zubar, ki ɗauraye sosai. Yorkshire Tea ma suna da wani kwali da suka haɗa musamman don ruwa mai alli, an rubuta a jiki.

Hajiya Babba, Manchesta

'Yata, sun gama miki maganar ganye da ruwa, ni tsohuwar nan ce a raina. Shekarata 31 a ƙasar nan, goma sha biyu daga ciki a irin aikinki na yi su.

Wadda ta haura 90 ta ga yaƙin duniya na biyu tana yarinya. Daga 1940 har 1952 da kati ake sayen shayi a ƙasar nan, rabon babban mutum oza 2 a mako, wato ƙasa da giram 60. Ta tashi tana ganin uwarta tana auna ganye da cokali kamar zinariya. Ƙunshin nan ma bai shigo ba sai 1953 da Tetley suka kawo shi, kuma an daɗe kafin mutane su karɓa. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na shayin da ake sha a nan daga ƙunshi ne, amma ita a butar tangaran ta koyi sha. Irinsu shayi shi ne abin da ake ba wanda aka yi wa mutuwa, shi ake ba wadda ta haihu, shi ake ɗorawa in labari mara daɗi ya zo. Yanzu an raba ta da gidanta, wasu ke yi mata wanka, wasu ke zaɓa mata abinci. Kofin nan yana cikin 'yan abubuwan da suka rage tana da iko a kai.

Mu a gida shayi ɗaya ake dafawa a zuba wa kowa. Su kowane mutum da nasa: yawan madara, yawan sukari, kalar da yake so, har kofin da ya saba. Tambayar farko da suke yi wa baƙo ita ce yaya kake shan naka. Kuma ba za ta ce miki bai yi ba, tarbiyyarsu ce a yi godiya a ajiye. Faɗa mini, yaya kike haɗa mata?

Maganar abokan aiki kuwa, kin san yadda muke ji in mun ce wa mutum bisimilla kullum yana cewa alhamdulillahi, daga baya sai mu ɗauka ƙyama ce. To haka. A wurin aiki duk wanda ya tashi ɗora buta sai ya tambayi kowa, gobe wani ya rama. Ba dole ki sha kowane zagaye ba, amma ki karɓa wani lokaci, kuma ke ma ki tashi ki yi musu. Ki riƙe yadda kowa yake shan nasa a ka, za ki ga yadda fuska za ta sake.

Af, in wani ɗan arewacin Ingila ya gayyace ki shayi da ƙarfe biyar ko shida na yamma, abincin dare yake nufi. Kada ki ci ki ƙoshi kafin ki tafi.

Maman Nana, Luton

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ina zuba madara kusan rabin kofi, in sa sukari cokali uku, in tsoma ƙunshin a ruwan fulas ɗin da ke kan keken abinci in cire da wuri don kada ya yi mata ɗaci. A tunanina karramawa ce, mu in kana son mutum ai kauri kake yi masa.

Hajiya Babba, Manchesta

Niyyarki mai kyau ce 'yata, amma a wurinta madara mai ɗumi kika kai mata. Ga yadda za ki yi. Sabon ruwa daga famfon sanyi, ya tafasa sosai. Ƙunshi a kofi, ki zuba ruwan a kansa yana tafasa, ki bar shi minti uku zuwa huɗu. Ki cire, sannan ki ɗiga madarar firij kaɗan, ba ta gwangwani ba, har ya yi kalar jar ƙasa. In kika sa madara kafin ruwa, ruwan ya huce ke nan, ganyen ba zai saki ba. Sukari kuwa sai kin tambaya. Mafi kyau ki zauna kusa da ita ki ce ta koya miki. Tsofaffin nan suna son a tambaye su.

Sista Rabi, Leicester

Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ƙara abu uku. Ki duba takardar kulawarta kafin ki sa sukari, da yawansu suna da ciwon sukari, wasu kuma ana kaurara musu abin sha saboda matsalar haɗiya. Ki bar shi ya ɗan huce kafin ki miƙa, fatar tsoho ba ta jure ƙuna. Na uku naki ne: shayi yana rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka in kina da ƙarancin jini ki raba shi da cin abinci da kamar awa ɗaya. In kuma akwai juna biyu, hukumar lafiya ta NHS ta ce kada kafeyin, wato sinadarin nan na cikin shayi mai hana barci, ya wuce miligiram 200 a rana, babban kofin shayi kuwa yana da kusan 75.

Baban Yusra, Landan

Malam Habu, na janye kalmar ragowa, ban san haka ake yi ba. Amma har gobe ina kan bakana cewa shayin da aka tafasa a tukunya da citta da kanumfari da na'a-na'a, aka shiƙa shi ya yi kumfa, ba a haɗa shi da na tsomawa. Su sauri suke nema, minti ɗaya sun matse ƙunshi da cokali sun wuce. Maman Nana, ki koyi nasu don aiki, amma kada ki bar na Inna.

Malam Habu, Reading

A nan ba mu da saɓani, Yaya. Ni ma ranar Asabar ataya nake dafawa, zagaye uku, da koren ganyen Sin kamar yadda Buzaye ke yi. Maman Nana, kwalin nan mai 240 kada ki zubar. Ki farke ƙunshi biyu a tukunya, ki tafasa da kayan ƙamshi da madarar Peak, irin wannan garin yana jure tafasa.

Maman Nana, Luton

'Yan uwa na dawo da labari bayan kwana tara. Na wanke buta, allin da ya fito ya kusa cika cokali biyu. Na sayi jug mai matata, yanar ta tafi.

Ranar Talata na zauna kusa da tsohuwar na ce ta koya mini. Ashe tana da kofinta mai furanni a cikin kabad, 'yarta ta kawo mata, ni kuma ina ba ta a na kowa. Ba ta shan sukari ko kaɗan, ta ce tun lokacin yaƙi ta bari. Ta sa na tsaya ina kallon agogo har minti huɗu, ta nuna mini da yatsa inda madara za ta tsaya. Ta shanye, ta ba ni labarin yadda uwarta take shanya ganyen da aka riga aka dafa don a sake amfani da shi. Jiya ita da kanta ta aika a kira ni da ƙarfe uku.

Na yi wa abokan aiki zagaye biyu, na rubuta yadda kowa yake sha a bayan littafina. Ɗaya daga cikinsu ta ji ƙamshin citta a fulas ɗina ta ce tana so ta ɗanɗana, na yi alkawarin kawo musu ranar Juma'a. Baban Yusra, mutum takwas ne, kuma ba su saba da yaji ba. Citta nawa kake ganin zan sa, kuma in bar masoro ko in sa kaɗan?